Katin Auta Bai Motsa Ba

Zuwa ga Yayata abar girmamawa, mahaifiyar Auta,

Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya ke da maigida, Allah ya ƙara sauƙin ƙafar nan taki. Mu nan sai godiya. Uwar yara ta warware daga mura, ƙaramarmu kuma ta fara tafiya, babu abin da ke tsira a kan tebur.

Yaya, maganar Autanki ce, kuma ba mai daɗi ba. Kin san aikina a kamfanin nan bin diddigin masu rubuta manhaja ne, shi ma Auta yana cikinsu. Muna da allo a bango mai gida uku: abin da ba a fara ba, wanda ake kai, da wanda aka gama. Kowane aiki da katinsa. Kullum da safe mukan taru a tsaye gaban allon, kowa ya faɗi inda ya kai da abin da ya tare masa hanya. Amfanin taron ke nan, mutum ya buɗe baki ya ce ya maƙale.

To ta yaya Auta zai faɗi haka alhali kawunsa ne mai tambaya? Sauran yaran ba su da ta ido, har gardama suke yi da ni. Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai ya ce komai lafiya, saura kaɗan. Katinsa ya zauna a gidan tsakiya har gefensa ya nannaɗe. Na tambaye shi a mota, na tambaye shi muna cin abinci, amsar dai ba ta sauya ba.

Manhajar ta wani asibiti ce, ɓangarensa kuma shi ne tura wa marasa lafiya saƙon ranar ganin likita. Ranar gwaji mutanen asibitin suka cika ɗakin taro, aka danna, ko saƙo ɗaya bai fita ba. Ashe tun farko wani abu ya cije masa, yana ta fama shi kaɗai, ga abokan aiki a gefensa. Mai kamfani ya ce in faɗi wanda ya riƙe aikin. Sunansa na jikin katin, Yaya, me zan ɓoye? Da hannuna na cire shi na miƙa wa wani. An sallame shi.

Da muka koma gida ya durƙusa ya ba ni haƙuri, ya ce ya ji nauyin ya kunyata ni a gaban mutanena ne. Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Yanzu ya kwashe kayansa ya koma wurin wani abokinsa, abincin da muke aika masa ma a rufe yake dawowa. Na rasa ta inda zan ɓullo masa, zuciyata ta karye.

Ke kika raine ni, ke kika raine shi, duka kin koya mana ba a ce wa babba an kasa. Tarbiyya ce mai kyau, amma ita ta raba shi da aikinsa. Don Allah ki kira shi. Kada ki tambaye shi ko yana lafiya, kin san abin da zai ce. Ki ce kawai ya dawo gida.

Ki gaida maigida da Goggo da 'yan biyu. Uwar yara tana gaishe ki.

Ƙaninki, wanda kika ba amana.