Surukina Ya Ɗauka Shi Ya Gyara Tipata

Yaya mai shawara, don Allah ki agaza mini kafin Asabar. Ina cikin murnar da na daɗe ban yi irinta ba, kuma murnar ce take neman jawo wa surukina abin kunya a idon jama'a.

Ni direban tipa ne, yashi nake ɗauka. Wata huɗu motar nan tana ba ni wahala. Da na iso hawan da ke bayan kwarin da muke lodi sai ƙarfinta ya tafi, in taka totur har ƙasa tana ta gurnani, masu keke suna wuce ni suna yi mini sannu. Turbo ɗinta, wato fankar nan da ke cusa wa inji iska, ta daina fito gaba ɗaya.

To mahaifin matata bakanike ne, shekara arba'in yana kan injin dizal. Da kunne yake aiki, ya ɗora sukundireba a jikin inji ya kara kunne ya gaya maka ciwon. Amma tun da motoci masu ƙwaƙwalwa suka yi yawa aiki ya guje shi, a benci yake yini yana korar ƙuda. Shi na kai wa. Sati uku Baba yana fama, ya wanke nozul masu fesa wa inji mai, ya canza matatar mai, ranar Talata kuma ya gano tiyon iska ya tsage ya sa sabo. Na gwada, ta ɗan motsa, amma ba wani abin a zo a gani ba. Kunya ta hana ni faɗa, na yi godiya na tafi.

Daga can ban nufi gida ba, na zarce wurin wani mai gyara da kwamfuta. Ya jona wayoyinsa ya ce ƙwaƙwalwar injin ce ta lalace, wato ɗan akwatin kwamfutar da ke sarrafa shi, ita ke rage mai tana danne turbo. Ya ɗauko wata da aka ciro daga tipar da injinta ya ɗan fi nawa girma, ya ce duk ɗaya ne, ya ɗaura.

Yaya, da ma kina cikin motar nan washegari! Na cika ta taf da jiƙaƙƙen yashi, na tunkari hawan nan da giya ta huɗu, turbo ta saki wani fito mai daɗi, kujera ta tokare ni a baya. Wallahi ni kaɗai na dinga dariya ina dukan sitiyari. Sawu uku nake yi a da, yanzu biyar nake yi kafin la'asar. Direbobin da ke kirana Kunkuru su ne yanzu ke matsa mini in wuce.

Ga inda matsalar take. Suka tambaye ni wa ya gyara, bakina ya suɓuce na ce Baba. Labari ya kai masa. Tsohon nan ya share gareji, ya sake fentin allonsa, matata ta ce rabon da ta ga ya ci abinci har ya nemi ƙari ta manta. Yanzu mai kamfanin bulo zai kawo masa tipa uku ranar Asabar, duk masu irin ciwon tawa, kuma Baba ya yi masa alƙawarin yini ɗaya. Tiyo zai canza musu, su ƙi tashi, a gaban kowa.

Jiya ma da na wuce ta ƙofarsa ya tsayar da ni ya ce fiton ya yi masa kaifi, kada in matsa mata a hawa, in kawo ya sake saurara. Na ɗauka maganar tsofaffi ce kawai. Kuma ina tsoron ya buɗe ya ga sabon akwatin. Mutumin da ko ido ba na iya haɗawa da shi, ta ina zan fara ce masa ba shi ya gyara ba?

Naki,
Tsohon Kunkuru

*

Malam Tsohon Kunkuru, na taya ka murna, har ni na ji daɗin hawan nan. Amma ka karanta wasiƙarka kuwa? Maganar da ta fi kowace nauyi ka jefa ta a ƙarshe kamar ba komai.

Na tambayi masu sanin inji. Ƙwaƙwalwar nan ita ke ƙayyade yawan man da ke shiga da ƙarfin iskar da turbo ke turawa. In an ciro ta daga injin da ya fi naka girma ba a daidaita ta ba, za ta iya matsa wa naka fiye da abin da aka yi shi ya ɗauka. Yau ka ji ƙarfi, gobe inji ya yi zafi, gasket ɗin da ke toshe tsakanin kan inji da gangarsa ya ƙone ko turbo ta watse. Mai kwamfuta ya ce duk ɗaya ne. Baba, daga bakin titi, bai san an taɓa komai ba, ya ji ba ɗaya ba ne.

Kuma ka daina cewa ba shi ya gyara ba. Da tiyon nan yana nan a tsage, iskar da sabuwar ƙwaƙwalwa ta turo ta nan za ta zurare. Mutum biyu suka tashi motarka. Laifinka shi ne ɓoyewa, kuma na fahimci kunyar suruki ce ta jawo, amma kunyar da za ta bar dattijo ya tozarta ranar Asabar ba ladabi ba ce.

Gobe da safe kada ka yi lodi. Ka je garejin kai kaɗai, ba ta bakin matarka ba, ka durƙusa ka faɗi komai a jere. Ka fara da cewa kunnensa ya yi gaskiya, sannan ka nuna masa akwatin. Zai ji zafi, ka bar shi ya yi faɗansa. Bayan nan ka roƙe shi ya raka ka wurin mai kwamfuta a auna ƙarfin iskar a daidaita ƙwaƙwalwar da injinka, yana tsaye yana saurare. In jininsu ya haɗu, su tari tipa ukun nan tare, ɗaya da na'ura ɗaya da kunne.

Wataƙila ka koma sawu huɗu. Ka karɓa da hannu biyu, domin mutumin da kake tsoron ya buɗe motarka shi ne ya ji kukanta tun kafin ta mutu maka a tsakiyar hawa. Allah ya tsare hanya, ya ƙara wa Baba lafiya da ciniki.