Jarkar Ruwan Akasha

Yaya Hadizatu,

Gaisuwa daga Omdurman. Yaya Inna da yara?

Sai da na ɗaga jarkar na ji ta wayam sannan na gane: ruwan magani na marmaron Akasha da maigidana Salih ya ɗebo wa 'yarmu Fadila, da shi maƙwabta suka yi masa wankan gawa, a zatonsu Zamzam ne. Allah ya jiƙansa, ban ga laifinsu ba.

A dā da ruwan nake jiƙa tsumma in ɗaura wa Fadila a gwiwa, ya ratsa fata, kumburin ya sauka. Yanzu ta koma rarrafe.

Muna lafiya, kada Inna ta damu. Amma ki gaya wa Kawu ba zan dawo Kano ba. Ina fita takaba zan kai Fadila marmaron da kaina. Har yanzu dai ban samu direba ba.

Ƙanwarki,
Zakiyya