Kada Ka Baro Aikinka, Yero

Mallawa, 14 ga Nuwamba, 1976

Zuwa ga ƙanena Yero,

Sallama irin ta addinin Musulunci, da gaisuwa mai yawa daga yayarka Fadi. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ka daga sanyin Faransa da kake ba mu labari. Mu nan sai godiya. An kai gero rumbu, wake ya yi kyau, gyaɗa ce kawai ta ba mu kunya. 'Yan shanun da fari ya rage mana sun fara murmurewa, har jar saniyar nan ta haihu. Inna tana nan da sauƙi. Gyambon ƙafarta bai rufe ba, amma tun da likitan Magarya ya ɗora ta a kan allurar ciwon sukari, ƙishirwa da yawan fitsarin nan sun ragu, tana cin tuwonta.

Takardarka ta iso, na karanta wa Inna da bakina. Wallahi ba ta yi mana daɗi ba. Ka ce aikin ya ƙi gaba, 'yan tsinken gilashin da kake awo da su suna ta karyewa, babban malaminku kuma ya ƙi yarda da abin da ka gano, ya ce ka sake daga farko. Ka ce wani abokin aikinka ya yi maka gatse, wai ƙasarku masu yin allura take nema, ba masu leƙen ƙwayoyin halitta ba. Sannan ka rufe da cewa tunda Baffa Manzo ya sama maka gurbi a gidan likita na Magarya, kana tunanin tattaro kayanka. To, saurara ka ji abin da ya faru a nan.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko, Baffa ya tara dangi a zauren gidanmu. Ya ce ya je har wajen sufurfe, babban jami'in gwamnati na Magarya, magana ta zauna, sai dai ka zo. Ya ce shi bai taɓa jin likitan da ba ya duba mutane sai ɓeraye ba, uwarsa na nan kwance shi yana can yana wasa da hanjin dabba. Aka yi dariya. Ina bayan zana ina ji, kuma ka san halina. Ban san lokacin da na shiga ba. Na ce masa ya yi mini afuwa, shi uba ne, amma ba hanji ba ne. Na tuna masa layyar da ka yi tare da mu, da ka ciro wata 'yar tsoka fara-fara a bayan tumbin rago, wadda muke jefa wa kare, ka ce sunanta pankireyas, ita ke fitar da ruwan narkar da abinci, ita ce kuma ke hana sukari yawa a jini. Na gaya musu yadda ka ce ƙwayoyinta ba sa sakin komai sai wani sinadari, kalsiyom, irin wanda ke cikin nono da ƙashi, ya motsa a cikinsu, kuma aikinka shi ne ka gane yadda yake motsawa da abin da ke hana shi. Baffa ya ce shi ba zai yi gardama da mace ba, ballantana wadda ta koyi boko da furfura a makarantar yaƙi da jahilci.

Ana cikin haka sai ga Inna ta dogaro sanda, ƙafa a ɗaure, ta zauna bakin ƙofa. Ta tambayi Baffa ko ya san wanda ya haɗa allurar da ake yi mata. Ya ce bai sani ba. Ta ce ita ma ba ta sani ba, amma ta tabbata ɗan wata ne, kuma ya daɗe yana fama kafin ya dace, da uwarsa ta kira shi gida tun bai gama ba, da yanzu ita Inna tana kabari. Ta ce mai yi mata allura akwai shi a Magarya, hannunsa ma da sauƙi, ba ta rasa shi ba. Ta ce ita ta haifi Auta, wato kai, ita ke kwance, kuma ba ta aiki kowa ya kira mata shi ba.

Baffa ya tashi ya kaɗe riga, ya ce tunda haka ne ya cire hannunsa daga gidan nan. Bai tsaya ga faɗa ba. Washegari ya ware shanunsa daga namu, ya hana mu amalankensa lokacin kwasar gero. Ni da maigidana Ɗantsoho muka yi ta jido da jakuna da kai, har wuyana ya ƙage. Ban faɗa maka don ka ji tausayinmu ba. Na faɗa ne don ka san mun riga mun ɗauki nauyin zamanka a can, idan ka dawo hannu rabbana mun yi wahalar banza ke nan.

Saboda haka, Yero, idan tsinke ya karye ka ɗauko wani. Idan malaminka ya ce ka sake, ka sake, ka kuma sakewa har ya rasa ta cewa. Mai haƙar rijiya ba ya bari don ya tarar da dutse. Shi kuwa mai gatsen nan, kada ka tanka masa. Kai da ka bi shanu da ƙafa har Dogo-Dogo kana ɗan ƙanƙani, ka yi lakwal, makarantar boko, da riga ɗaya, ba maganar wani ce za ta tayar da kai daga kujerarka ba. Inna ta ce in rubuta maka wannan yadda ta faɗa, kada in sassauta: ko labarin rasuwarta ya same ka, ka yi mata addu'a a inda kake, ka share hawayenka, ka koma bakin aikinka, ta yafe maka duniya da lahira. Ga shi na rubuta yadda ta ce.

Ɗantsoho yana gaishe ka, da Saratu da yaranta, da Gwaggo Shatu wadda ta daka maka yaji za mu ba wani mai tafiya Yamai. Mushe Mainassara, malaminka na lakwal, kullum sai ya tambaye ka ranar kasuwa. Inna ta sa maka albarka. Baffa Manzo bai ce a gaishe ka ba, ni ma ban tambaye shi ba.

Allah ya buɗa maka, ya sada mu da alheri.

Yayarka,
Fadi