Kalmar da Usaini Ya Gyara wa Tang

Al Wukair, Doha.

Zuwa ga Yayana Ja'afaru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya sassauta mata ciwon gwiwar nan, ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa. Mu nan da sauƙi, alhamdu lillahi. Maigidana Umar Faruq yana can wurin aikinsu na gas, sai ƙarshen mako muke ganinsa. 'Yarmu Kausar kuma Larabci ya fara fin Hausa a bakinta, komai sai ta ce min yalla, wato mu je, abin yana ci min rai. Na zaɓi in rubuto maimakon in kira don na san halinka a waya, kafin mutum ya kai rabin magana ka yanke hukunci ka ce a gai da yara. Wannan karon ka daure ka karanta har ƙarshe. Maganar Usaini ce. Ƙaninmu ba shi da lafiya, ba kuma ciwon jiki ba ne, ina so ya dawo gida tun ba mu rasa shi ba.

Ka san aikinsa gadi ne a ƙofar masaukin ma'aikata a Sanaiya, unguwar gareji da rumbunan kaya. A masaukin akwai masu walda 'yan ƙasar Vietnam. Farkon bana kamfaninsu ya ce duk wanda ya ci gwajin magana da Turanci za a mai da shi aikin gyare-gyare a cikin wani otal, inda akwai inuwa da na'urar sanyaya ɗaki, sauran kuwa su ci gaba da aikin gini a rana. Da suka ji Usaini ya karanci koyar da Turanci a Zariya, sai suka yi ta roƙonsa har ya yarda. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan tara su a ɗakin cin abinci. Wallahi Yaya, tun da ya zo ƙasar nan ban taɓa ganin fuskarsa a sake ba sai a lokacin. An gaya musu dole a tambayi kowa hobby ɗinsa, wato abin da mutum ke yi don jin daɗin ransa idan ya samu hutu. Sai ya sauko musu da kalmomin a waya, da hotuna da fassarar yarensu: shuka furanni, ninƙaya, ɗaukar hoto, hawan keke, dara. Yakan zo gidana yana ba mu labari yana dariya, wai mutanen da ba su san komai ba sai aiki da barci, ga su suna rantsuwa da Turanci cewa su masu kiwon furanni ne.

A cikinsu akwai wani dattijo mai furfura da suke kira Tang. Shi ya ƙi zaɓen abin da ba ya yi. Ya ce a bakin kogi aka haife shi, da ƙugiya a hannunsa ya tashi, don haka kamun kifi zai faɗa, fishing. To ka san bakinmu. Mu duka muna cewa pishing, muna cewa putbol, har malamanmu haka suka koya mana, ba wanda ya taɓa cewa mun yi kuskure. Abin takaicin shi ne, Tang da farko daidai yake fara kalmar, don a yarensu akwai harafin f irin na Turawa. Usaini ne ya ji ta baƙuwa a kunnensa, ya zauna ya gyara masa. Ya sa shi yana matse leɓɓa yana saki, har da riƙe 'yar takarda a gaban bakinsa don ya ga iska ta kaɗa ta. Dattijon ya sha wahala kafin ya iya, kuma ya yi ta godiya, har busasshen kifi ya kawo wa Usaini tukwici. Sai dai shi kuma harshensa ba ya iya fitar da sha, sai sa. Ka haɗa namu da nasu da kanka, ni ba zan rubuta ba. Kalmar da ta fito ita ce wadda Turawa ke nufin fitsari da ita.

Ranar gwaji aka tambaye shi, ya miƙe ƙirji ya ba da amsa yadda malaminsa ya koya masa. Masu gwajin suka fashe da dariya. Ɗaya ya sa shi ya maimaita, ya maimaita da ƙarfi don yana zaton sun ji daɗi ne. Kafin la'asar labari ya zaga masauki, yara sa'o'in 'yarsa suna tsokanarsa a layin abinci. Sunansa bai fito cikin waɗanda za su otal ba. Ni na gaya wa Usaini, kuma ina nan a kan bakana, ba kalma ɗaya ta kayar da mutumin ba. Shekarunsa suka duba, matasa suke so. Tang da kansa bai riƙe shi a zuciya ba, ya zo har bakin ƙofa ya dafa kafaɗarsa ya ce khalas, wato shi ke nan, ya wuce. Amma ya koma rana. Da zafi ya tsananta, wata safiya jiri ya ɗebe shi a saman bene, ya faɗo. Bai kwana ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Usaini ne ke bakin ƙofa lokacin da abokansa suka fito da jakarsa za a aika wa 'yarsa, shi ya buɗe musu.

Tun daga nan ban sake ganin ƙanina ba, sai dai gangar jikinsa. Ya rame har wuyan rigar aikinsa na yawo. Na dafa masa tuwon shinkafa da miyar taushe, ya zauna yana kallon kwanon har ya huce. Umar Faruq ya same shi a banɗaki tsaye gaban madubi, ya ɗora haƙora a kan leɓe yana ta maimaita kalmar nan, yana gyarawa, kamar akwai sauran wanda zai koya wa. A wurin aiki ya daina Turanci kwata-kwata, ko gaisuwa aka yi masa sai ya ɗaga hannu, har shugabansa ya ja masa kunne. Makon jiya kuma ya faɗa min maganar da ta hana ni sukuni. Ya ce da a ce shi ne ya faɗo daga benen, da an yi adalci. Yaya, ni ma'aikaciyar jinya ce, na san irin wannan magana, na kuma san inda take kai mutum idan aka yi mata shiru. Tsoro nake ji, kuma ina kuka ina rubuta maka wannan.

Na kai shi wurin likita, an ba shi magani. Umar Faruq ya yi magana da kafil ɗin Usaini, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar nan, ya yarda zai sallame shi ba tare da wata rigima ba. Abu ɗaya ya rage, shi ne kai. Usaini ya ce ba zai taka Kano ba, domin ranar da ka raka shi filin jirgi ka ce masa kada ya kuskura ya dawo sai ya zama mutum. Na san ƙarfafa masa zuciya ka yi nufi, haka kake yi mana tun rasuwar Baba, kuma ba mu manta da ɗawainiyarka ba. Amma shi maganar ya riƙe kamar wasiyya. Na ce masa Inna na nemansa, ya ce Inna ba ta iya tsallake maganarka. Ina jin haushinka, ba zan ɓoye maka ba, don na san abin da za ka fara cewa: me mutane za su ce, yaro ya tafi Qatar ya dawo hannu rabbana. Su faɗi abin da suka ga dama. Ni na ga yadda ake mayar da wanda bai dawo da ƙafarsa ba, jaka ce kawai da sunansa a jiki.

Ka gai da Inna, amma kada ka karanta mata wannan, ka ce mata dai yana kewar gida. Ka gai da Anti Ruƙayya da yara, da Kawu Abdul-Jalil, da Raliya da maigidanta, da Sabo idan ya leƙo daga Funtuwa. Umar Faruq da Kausar suna gaishe ku.

Ranar Juma'a zan ɗauko shi ya yini a gidana, wayata tana hannuna. Ka kira bayan sallar la'asar. Kada ka yi masa wa'azi, kada ka tambaye shi abin da ya tara. Ka ce masa ya dawo gida, da bakinka, yana ji.

Taka ƙanwa,
Hafiza.