Hatimin da Ba a Buga Ba

3 ga Afrilu

Yaya Jamalu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna da Munira da yara. Ya zafin Illo? Mu nan Turai har yanzu da rigar sanyi muke yawo.

Yaya, ina cikin matsala, kuma da hannunka a ciki. Ka tuna da na zo binciken ƙasar fadama a Nuwamba, jirgi ya sauke ni Kwatano ta ƙasar Benin, na hau mota zuwa Malanbil kusa da iyaka, kai kuma ka zo ka ɗauke ni a babur? Na ce mu bi ta ofishin iyaka a buga min hatimi a fasfo, ka yi dariya ka ce wa ke neman hatimi don ya shiga gidan ubansa. Muka bi hanyar gonaki. Da zan koma ma haka muka yi.

To ga abin da ya biyo baya. Jami'a ta yi min inshorar lafiya bisa sharaɗin cewa a Nijeriya zan yi aikin. Da taifod ya kwantar da ni, asibitin Malanbil ka kai ni. Na dawo na miƙa takardun asibitin, kamfanin inshora ya buɗe fasfona: shiga Benin, fita Benin, babu Nijeriya ko sau ɗaya. Sun ce ƙarya na yi musu, sun dakatar da inshorar. A ƙasar nan kuwa in ba ka da inshora ba a sabunta maka takardar zama. Tawa za ta ƙare ranar 15 ga Mayu, kuma shekara ɗaya ta rage min in gama digirin nan da na ba shekara uku.

Don Allah ka samo min takardar da za ta nuna a Illo na zauna. Kada ka gaya wa Inna tukuna.

Ƙanwarka,
Bashira

9 ga Afrilu

Dakta Bashira,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, shinkafa ta fara nuna. Inna ta riga ta ji, don a gabanta na karanta wasiƙar kafin in kai ƙarshenta.

Ke dai da son ɗora laifi tun kina ƙarama. Kina rawar ɗari, idonki ya juye, in kama doguwar hanyar asibitin Bagudo da ke a babur? Malanbil ga ta nan kusa, can kowa ke zuwa. Mi na yi na laifi?

Kwantar da hankalinki. Na tahi wurin Maigari, ya rubuta da hannunsa cewa ke ɗiyarsa ce, kin yi wata huɗu a garinsa, ya buga hatimi mai kyau. Liman ya sa hannu. Maƙwabta goma sha biyu sun dangwala yatsa, har da 'Yar Baba mai ƙosai da ta ce ita kullum sai ta ba ki gyara. Hatimi suke so, ga hatimi. Na ɗauki hoton takardar na turo miki.

Allah shi ba da sa'a.

Yayanki,
Jamaluddeen

21 ga Afrilu

Yaya,

Barka da aiki, a gaida mutanen gida. Na gode da wahalar da ka yi, ka yi wa Maigari godiya.

Sun ƙi karɓa. Matar da ke ofishin inshorar ta juya takardar, ta tambaye ni Maigari ma'aikacin wace hukuma ne. Na yi bayani har bakina ya bushe. Ta ce duk wanda ke ƙaunata zai iya rubuta wannan, su shaida suke so wadda aka yi a lokacin, ba bayan magana ta taso ba.

Wallahi na gaji. Ofishin baƙi mai ba da takardar zama ya ce in kawo inshora. Kamfanin inshora ya ce in kawo wasiƙar jami'a. Jami'a ta ce ba ta rubuta wa ɗalibin da takardar zamansa ke rawa. Sau huɗu ina zagaya su, kowa na yi min murmushi yana nuna min ƙofar wani. Cikina bai daina ciwo ba tun taifod ɗin, kuma ba ni da damar ganin likita. Ranar Talata a tashar bas na zauna na yi kuka, ban ma damu da masu kallo ba.

Kai kana ganin abin wasa ne. Minti goma a ofishin iyaka, Yaya. Minti goma kawai na roƙe ka.

Bashira

27 ga Afrilu

Bashira,

Sallama da gaisuwa. Ban ɗauke shi wasa ba, tun da wasiƙarki ta zo abinci bai yi min daɗi ba.

Magana biyu. Ɗanliti na tasha ya ce ki aiko fasfo, ya san inda za a buga hatimi da kwanan watan baya. Ni dai raina bai kwanta da shi ba, amma na hwaɗa miki.

Ta biyu, a gona ta zo min. Wagga na'ura da kike yawo da ita a gonar Baba ta fadama, kina tona ƙasa kina zubawa a leda, ba ke kika ce tana rubuta rana da daidai wurin da kika tsaya ba? Har kina min gorin ta fi ni sanin hanya. To ita ba ta ƙaunar kowa, ba dangin kowa ba ce. Ki kai musu ita ta yi shaida.

Inna ta ce ki riƙa shan kunu da safe.

Yayanki,
Jamaluddeen

12 ga Mayu

Yaya Jamalu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya.

Maganar Ɗanliti ka bar ta, gara a kore ni da gaskiyata. Shawararka ta biyu kuwa, da na karanta har tsalle na yi. Wuri ɗari biyu da sha biyu na ɗebi ƙasa, kowanne da ranarsa. Suka yarda za su duba. Jiya muka zauna, ni da malamina da mutum uku na kamfanin inshora, aka ɗora wuraren a kan taswira a bango.

Yaya, gonar Baba a cikin Benin take. Layin iyaka ya bi ta gabas da ita, tazarar kamar taku ɗari huɗu. Tsamiyar da kake jingine babur ita ce ƙarshen Nijeriya. Na ce musu ai a Illo nake kwana, suka ce na'ura ba ta rubuta inda na kwana ba, inda na yi aiki ta rubuta. Da hannuna na kai musu shaida ɗari biyu da sha biyu a kaina.

Ba za a sabunta takardar ba. Malamina ya ce in sake nema daga gida, wataƙila baɗi, amma bai yi alkawarin wurina zai jira ni ba. Ina haɗa kaya. Ba na jin haushinka yanzu, ƙarfin ma babu.

Ƙanwarka,
Bashira

13 ga Mayu

Bashira,

Wa alaikumus salam. Na gaya wa Inna. Ta ce kakanmu ya sare wannan gona, Baba ya mutu yana noma ta, ba wanda ya taɓa ce musu sun yi tafiya.

Yau na je na tsaya gindin tsamiyar, na daɗe ina duba ƙasa. Ban ga layi ba, shinkafa na gani.

Ki hwaɗa min ranar isowarki. A ƙofar ofishin iyaka za ki same ni, ko wuni za mu yi a layi sai an buga miki. Ki yafe min.

Yayanki,
Jamaluddeen