Na'urarku Ta Tsaya a Soro, Ɗalibaina Suna Cikin Gida

Zuwa ga Manajan kamfanin intanet da ya haɗa mana waifai a Unguwar Kabara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ma'aikatanka, da fatan aiki yana tafiya lafiya.

Yawancinmu idan intanet ya riƙa ɗaukewa a laftof, kwamfutar muke fara zargi: ta tsufa, ko cuta ta shige ta. Ni ma haka na ɗauka har makonni uku, kuma ma'aikatanka ne suka ƙarfafa mini wannan zaton.

Ni malamar sakandare ce. Da yamma 'yan mata bakwai suna zuwa ɗakina muna gwajin jarrabawar kwamfuta. Ɗaya daga cikinsu, Rukayya, an gayyace ta tattaunawa ta bidiyo don neman gurbin karatun jinya kyauta. Ranar Talatar da ta wuce, tana tsaka da amsa tambaya ta biyu, hoto ya daskare. Yarinyar da ta yi wata guda tana shiri ta zauna tana kallon allo. Allah Ya sa sun ba ta dama ta ƙarshe, Alhamis mai zuwa da hantsi.

Ga abin da ya faru, ranka ya daɗe.

Na ɗaya. Sau huɗu na kira ofishinku. An ce in kashe laftof in kunna, na yi. An ce in goge sunan waifai ɗin in sake sa lambar sirri, na yi. A kira na huɗu aka ce layinku lafiya lau yake, in kai laftof gyara.

Na biyu. Na kai. Mai gyara ya wanke kwamfutar tas, kuma da ita aka wanke tambayoyin gwaji da na shekara biyu ina tarawa. Na dawo gida, matsala tana nan yadda na bar ta.

Na uku, wanda har yanzu nake jinjina shi. Ranar Laraba na ɗauko laftof zan sake komawa wurin mai gyara, ban ko rufe ta ba don ɓacin rai. Ina sa ƙafa a soro sai saƙonni suka fara shigowa kamar ruwan sama. Layukan sabis sun cika fal. Na koma tsakar gida, saura biyu. Na shiga ɗakina, saura ɗaya yana lilo. Na dawo soro na ɗaga kai, ga na'urarku ta waifai can a manne da bango, saman buzun Baba Alhaji, surukina.

Innalillahi! Ashe ran da ma'aikacinku ya zo kafa ta ina makaranta. Ya ga an rubuta "Ba shiga" a ƙofa, ya girmama gidan, Allah Ya saka masa. Amma sai ya kafa na'ura inda ƙafarsa ta tsaya, ya gwada da wayarsa a nan soron, ya tafi. Bai tambayi inda kwamfutar take zama ba. Tsakanin soro da ɗakina akwai katangar ƙasa uku irin ginin kakanni, kowacce kaurinta ya haura kamu guda, ga ƙofar langa-langa. Abin da ya fi ba ni mamaki, a kira huɗu babu wanda ya tambaye ni a ina na'urar take. Kuna aiki a cikin birnin Kano, amma kamar ba ku taɓa shiga gidan cikin birni ba.

Na so in matsar da ita da kaina, sai na tarar wayar da ta sauko daga rufi ba ta ko kai bakin ƙofa ba.

Roƙona uku ne. Ku turo wanda zai ƙara waya ya shigar da na'urar cikin gida kafin Alhamis. Maigidana ya ce zai tsaya ya yi masa iso. Ku koya wa masu amsa kira su fara da tambayar nisa da katanga kafin su tura mutane gyara. Kuma ku ɗauki mata ma'aikata. Ina da 'yan mata bakwai masu kaifin ƙwaƙwalwa, nan da 'yan shekaru za su iya.

Idan ba ku zo ba, na riga na roƙi Baba Alhaji, dattijon da bai taɓa barin soronsa da hantsi ba, kuma ya yarda zai kwashe baƙinsa su koma ƙofar masallaci don Rukayya ta zauna a kan buzunsa ta yi tattaunawarta.

Iyaye da malamai masu karanta wannan, kafin ku kai kwamfuta gyara, ku buɗe ta ku taka daga soro zuwa ɗaki kuna kallon layukan sabis. Kai ma, Manaja, bismillah, zo Kabara ka gwada. Taku talatin ne kacal.

Allah Ya yi maka jagora, Ya sa albarka a aikinka.

Wassalam,
Malama Hadiza, Kabara, Kano.