Inna Habi, ni ce na raba ki da yaran

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwar girmamawa, ni ce Sa'adatu, uwar Ruƙayya, ta layin bayan masallaci a unguwar Hindawiyya, nan ƙasa mai tsarki. Wata baiwar Allah da ta zo umara daga Damagaram ce ta shaida mini kin rasu a watan Rajab. Akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita. Zan faɗe ta a gaban mutane, tun da a ɓoye na yi laifin.

Ruƙayya tana da wata takwas na fara kawo miki ita. Babanta bai daɗe da rasuwa ba, ni kuma na sami aikin wanki da guga a wani otal a Jarwal. Jam'iyyar unguwa, wato ƙungiyar taimakon jama'a, ita ce take biyan mata irinki su riƙe 'ya'yan marasa ƙarfi har iyaye su tashi daga aiki. Yara biyar aka ba ki. Ranar farko na tsaya a bakin ƙofa na kasa sakin ta. Kika karɓe ta kika goya, kika ce, "Je ki kar mota ta bar ki, za ki dawo ki same ta."

A ɗakinki ta yi rarrafe, a nan ta fara tsayawa da ƙafarta. Ke kika yaye ta da kunun gyaɗa. A kwanakin Hajji aiki yakan riƙe ni har magariba, alhali zuwa la'asar aka ce ki riƙe su, amma ba ki taɓa ɓata fuska ba. Ina gode miki a baki, a zuciya kuwa ina jin haushi, domin in na zo ɗaukarta sai ta ƙanƙame zaninki.

Tana da shekara biyu da rabi kika zaunar da ni kika ce, "Sa'adatu, yarinyar nan ba ta ji sosai. Murfin tukunya ya faɗi a bayansu, duk suka juya, ban da ita. Ki kai ta asibiti." Na ce Larabci da Hausa ne suka haɗe mata, shi ya sa bakinta bai buɗe da wuri ba. Kika ce, "Allah Ya sa haka ne, amma dai ki kai ta." Na fita raina a ɓace. Abin da ya tsaya mini shi ne wata ta fi ni sanin 'yata.

A makon ne mushrifa, matar da jam'iyya take turowa duba gidajen raino, ta tambaye ni yadda nake ganin riƙonki. Na ce kin tsufa, kina barci ki bar yara. Sau ɗaya tak na ga haka. Ranar an tashe mu daga aiki da wuri, na same ki kina gyangyaɗi da carbi a hannu, yaran duka suna barci a gefenki, ƙofa a rufe. Wannan ɓangaren ban faɗa mata ba.

Wata bai ƙare ba aka cire sunanki, aka rarraba yaran. Maryama mai shara a asibiti ta bar aiki, saboda gidan da aka mayar da tagwayenta ya yi mata nisa. Ruƙayya kuwa gidan da aka kai ta yara sun yi yawa, talabijin ne yake rainonsu. Ta yi makonni tana tsayawa a bakin ƙofa tana leƙen hanya.

Ba ki taɓa sanin inda maganar ta fito ba. Da zama ya gagare ki, za ki koma Damagaram wurin ɗan ƙaninki, gidana kika zo yin sallama. Kika ce, "Ki yafe mini in na saɓa miki. Kunnen nan dai kar ki manta." Na raka ki har bakin titi, na ɗora miki jaka a tasi, ban buɗe baki ba.

Sai da ta cika shekara huɗu na kai ta asibiti. Likita ya ce da an kawo ta da wuri, da maganarta ba ta yi nauyi haka ba. Yanzu tana sa na'urar ji, tana aji uku, tana ƙoƙari. Amma har yau wasu haruffa sukan kuɓuce mata, 'yan ajinsu su yi dariya.

Na koma jam'iyya na janye maganata. Mushrifar ta saurare ni har na gama, ta ce abin da ya wuce ya wuce. Lambar ɗan ƙaninki kuwa ta yi shekaru a wayata. Kullum sai in ce bari Hajji ta wuce in kira.

Jiya na gaya wa Ruƙayya komai. Ta kafa wa bakina ido, yadda take yi in ba ta son kalma ko ɗaya ta wuce ta. Ta ce, "Yumma," yadda yaran nan suke kiran uwa, "ta san ke ce?" Na ce a'a. Sai ta ce, "Da kin gaya mata, ai da ta yafe miki." Wannan ya fi komai ci mini rai, Inna, don na san gaskiya ta faɗa.

Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata miki kabari, Ya saka miki da alherin kowane yaro da kika goya. Ni kuma Ya sa ranar da za mu haɗu ki yarda ki saurare ni.

'Yarki mai neman gafara,
Sa'adatu